Lissafi da Ka a Ƙaramar Sakandare: Bayani ga Hakimai da Magatakarda

An shirya wannan 'yar takarda domin hakimai da magatakardansu da sauran malaman ofis, a kan wani al'amari wanda ya shafi yaran ƙaramar sakandare, watau koyon lissafi da ka da alƙalami, ba tare da na'urar nan da ake kira kalkuleta ba. An ɗauki Dakata, cikin Ƙaramar Hukumar Nasarawa ta Jihar Kano, ta zama abin misali, amma maganar ta game kowace gunduma.

ABIN DA YA SA AKA ZAƁI DAKATA

Dakata tana maƙwabtaka da Bompai, tsohuwar unguwar masana'antu ta Kano tun zamanin Turawa. Daga baya aka buɗe Sharaɗa da Chalawa. Mutanen Dakata da yawa a irin waɗannan wurare suke neman abinci, wani lebura, wani direba, wani mai tsaron sito, wani mai sayen kaya a ƙofar kamfani ya kai kasuwa. Dukan waɗannan ayyuka awo da ƙidaya ne gindinsu. Ga shi kuwa masana'antu da dama sun rufe saboda ƙarancin wutar lantarki da shigowar kayan waje masu araha, har guraben aiki suka yi kaɗan, masu nema suka yi yawa. Yaron da ya fito makaranta bai iya auna kaya ko lissafa ladansa ba, shi ne na farko da za a bari a ƙofa, in kuwa ya sami shiga, shi ne mai sauƙin cuta.

LISSAFI GADO NE A ƘASAR NAN

Tun kafin zuwan boko fatake suna ƙidaya wuri da hannu, suna tara shi zangu zangu, har ya cika keso, watau wuri 20,000. Malaman rabon gado suna sarrafa rabi da rubu'i da sumuni da sulusi da sudusi. Wani malamin Katsina, Muhammadu ɗan Muhammadu Alkatsinawi, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan hanyoyin tsara lambobi cikin hatimi, ya rasu a Alƙahira a 1741, har yanzu masana tarihin lissafi suna ambatonsa.

Da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa a 1909, lissafi yana cikin abin da aka koya wa 'ya'yan sarakuna da malamai. Magatakardan wancan zamani da fam da sule da kwabo suka yi aiki. Kwabo 12 ke sule ɗaya, sule 20 ke fam ɗaya. In an ce ƙauye yana da maza 150, kowa zai biya haraji sule 12, malami zai fitar da sule 1,800, ya mai da su fam 90, kuma dole littafinsa ya dace da abin da aka kai Baitulmali. Ranar 1 ga Janairu 1973 aka koma naira da kwabo, lissafin kuɗi ya zama na goma goma, ya fi na dā sauƙi nesa. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano. Wancan aiki ya wuce, amma bukatar mutum mai iya lissafi tana nan a ofishin kowane hakimi.

INDA ƘARAMAR SAKANDARE TA TSAYA

A 1982 aka fara aiki da tsarin shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babba, 4 a jami'a. A 1999 Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilmin bai ɗaya a Sakkwato, dokar 2004 kuma ta sa shekara 9 na farko su zama kyauta kuma tilas. Saboda haka ƙaramar sakandare ita ce matakin ƙarshe wanda wannan doka ta wajabta wa kowane yaro. Daga nan waɗansu za su ci gaba, waɗansu kuwa sai koyon sana'a ko kasuwa. Abin da yaro bai riƙe ba cikin shekarun nan 3, da wuya ya sake samun mai zaunar da shi ya koya masa.

Kalkuleta ba abin ƙi ba ce, tana da amfani ga babban lissafi da karatun gaba. Aibinta ɗaya ne ga mai koyo: duk abin da aka danna mata shi take amsawa. In yatsa ya ƙara sifiri ɗaya, amsa ta ninka sau 10, na'ura ba za ta ce kome ba. Sai wanda ya saba da lambobi a kansa zai duba ya ce wannan ba ta yiwuwa. Yanzu kuwa kusan kowace wayar hannu tana ɗauke da ita, yaro yakan miƙa hannu gare ta tun bai gwada ba. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

HANYOYIN DA AKE SO YARO YA ƘWARE A KANSU

Na farko, haddace jadawalin sau, daga 2 har 12, gaba da baya. Wanda ya san 7 sau 8 shi ne 56, lalle ya san 56 a raba gida 8 shi ne 7. Kome na gaba a kan wannan yake tsaye.

Na biyu, farfasa lamba. A ce ma'aikaci yana samun naira 3,500 a yini, ya yi yini 26. Sai a raba 26 ta zama 20 da 6. Yini 20 naira 70,000 ke nan, yini 6 naira 21,000, jimla naira 91,000. Haka kuma in an sauke katan 48, kowane da sabulu 25, sai a tuna 25 rubu'in 100 ne. Rubu'in 48 shi ne 12, sau 100 ya zama 1,200.

Na uku, kashi cikin ɗari. Tun watan Fabrairu na 2020 harajin da ake ɗorawa a kan kayan saye ya zama kashi bakwai da rabi cikin ɗari. A kayan naira 40,000, kashi 10 shi ne 4,000, rabinsa 2,000 shi ne kashi 5, rabin wannan kuma 1,000 shi ne kashi biyu da rabi. A haɗa 2,000 da 1,000, haraji ya zama naira 3,000. Kashi biyu da rabin nan kuwa shi ne ɗaya cikin arba'in, wanda kowane ɗan kasuwa ya sani wajen fid da zakka.

Na huɗu, haɗa gutattaki. In mutum ya rasu ya bar mata da uwa da 'ya'ya maza, mata tana da sumuni, uwa tana da sudusi. Ba a haɗa ɗaya cikin 8 da ɗaya cikin 6 sai an nemi lamba mafi ƙanƙanta wadda 8 da 6 duka suke rabawa, ita ce 24. Mata ta sami 3, uwa ta sami 4, sauran 17 na 'ya'ya. Abin da malamin gado yake kira asalin mas'ala, shi ne malamin lissafi yake koyarwa a aji.

Na biyar, awon fili da nauyi. Fuloti mai mita 15 a faɗi da 30 a tsawo yana da murabba'in mita 450, hekta ɗaya kuwa 10,000. Magini mai son kusurwar ɗaki ta miƙe yakan auna ƙafa 3 a gefe ɗaya, 4 a ɗaya gefen, in tsakaninsu ya ba da 5 to kusurwa ta yi daidai, domin 9 da 16 su ne 25. Tan ɗaya kilo 1,000 ne, watau buhu 20 masu kilo 50. Motar da aka ce ta ɗauko tan 30 dole a sauke buhu 600.

Na shida, kintace da bincika amsa. Kafin yaro ya fara 48 sau 25, ya ce a ransa 50 sau 25 shi ne 1,250, saboda haka amsa za ta gaza wannan kaɗan. Akwai kuma gwajin tara. A haɗa lambobin 48 su ba da 12, a sake haɗawa su ba da 3. Na 25 su ba da 7. To, 3 sau 7 shi ne 21, wanda ya koma 3, lambobin 1,200 su ma sun ba da 3, an dace. Amma a lura, wannan gwaji ba ya kama sifirin da ya ƙaru, ko lambobin da aka juya wurinsu. Kintace ne yake kama yawancin irin waɗannan, don haka a riƙa yin su biyu tare.

ABIN DA AKE BUKATA GA HAKIMAI DA MAGATAKARDA

Koyarwa aikin malaman makaranta ne, ba a neman kowa ya karɓe musu alli. Amma maganar hakimi tana da nauyi ga iyaye, ga kuma hanyoyin da za ta yi amfani.

1. Hakimi, ko wakilinsa, ya riƙa ziyartar makarantun gundumarsa, da sanin shugaban makaranta. Ya yi wa yara tambaya biyu ko uku irin na sama, ya ga ko suna amsawa.

2. A zaman kwamitin kula da makaranta, a roƙi malamai su keɓe minti 10 a farkon darasi domin lissafin baki. Kaɗan kullum ya fi mai yawa ana gobe jarrabawa.

3. Dagatai da masu unguwanni su gaya wa iyaye su riƙa sa yara lissafin cefane da canji da awon hatsi a gida. Yarinyar da take ba da canji daidai a wajen talla ta riga ta iya rabin abin, saura a nuna mata yadda ake rubuta shi, a kuma tabbata tallan bai hana ta zuwa aji ba.

4. A shirya gasa tsakanin makarantu ko unguwanni sau ɗaya a zango, maza da mata, a nemi masu masana'antu da 'yan kasuwa su taimaka da littattafai da alƙaluma na kyauta.

5. Magatakarda su zama abin koyi. Kowace jimla da ta fito daga na'ura, a kintata da ka kafin a sa hannu, musamman a takardun fili da na gado, inda kuskuren lamba ɗaya yakan haddasa shari'ar shekaru tsakanin 'yan'uwa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ana roƙon kowane hakimi da wannan takarda ta isa gare shi ya sa a karanta ta a gaban dagatai da masu unguwanni, a kuma aika da ita ga shugabannin makarantun gundumarsa. Allah ya sa a dace.