Amsoshin Wasiƙunku: Rikicin Ciniki, Kotu ko Sulhu?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Kumbotso, wanda ke noman rani a Kadawa, can wajen Kura. Ya ce bara ya ba wani dillali tumatir kwando 80, aka yi lodi zuwa Legas. Da dillalin ya dawo sai ya ce kaya sun ruɓe a hanya, rabin kuɗi zai biya. Yana tambaya, wai su manyan kamfanonin duniya yaya suke yi in irin wannan ta taso, kuma shi talaka ina zai nufa?

To malam, Allah ya mayar da alheri. Su waɗannan kamfanoni suna ɗaukar manyan ofisoshin lauyoyi na Landan ko Faris, masu cajin kuɗi awa-awa. Babban aikin lauyoyin kuwa tun ranar ƙulla ciniki yake farawa. Sai sun rubuta wanda zai ɗauki asara in kaya sun lalace a hanya, da dokar ƙasar da za a bi, da waɗanda za su raba gardama in an saɓa. Hukuncin masu raba gardamar nan yana da ƙarfi, domin akwai yarjejeniyar New York ta 1958, wadda Nijeriya ta shiga a 1970, da ta sa ake zartar da shi a ƙasashe fiye da 160.

Amma fa kada ka ɗauka abin da sauƙi. A 2010 gwamnatin Nijeriya ta ƙulla kwangilar iskar gas da kamfanin P&ID. A 2017 masu raba gardama a Landan suka ce ta biya dala biliyan 6.6, da kuɗin ruwa ya kai wajen biliyan 11. Sai a watan Oktoba 2023 wata babbar kotun Landan ta gano an yi cin hanci da zamba, aka tsira. Ka ga shekara 13 ke nan, ga kuɗin lauyoyi.

Yanzu mu dawo kanka. Tambayar farko da alƙali zai yi maka ita ce: sayar masa ka yi bashi, ko ba shi ka yi ya sayar maka ya ɗauki la'ada? In sayarwa ce kuma ya karɓi kaya, asara tasa ce. In kuwa amana ce, asara taka ce, sai fa in an tabbatar ya yi sakaci. Kuma mai ƙara shi ke kawo shaidu.

Shawararmu, fara da shugabannin 'yan gwari na kasuwar da aka yi lodi, kamar Kwanar Gafan, domin sun san farashin ranar, sun san direban. In ta ƙi, akwai dagaci, akwai Hisba. Akwai kuma zauren sulhu da Babbar Kotun Jihar Kano ta buɗe a 2009, inda in kun daidaita alƙali zai sa hannu, takardar ta zama hukunci. A 2019 kuma an buɗe kotunan ƙananan basussuka, waɗanda suka fara da bashin da bai wuce naira miliyan 5 ba, kuma ba dole sai da lauya ba.

Bana in za ka yi lodi, samu takarda ko da ta littafin makaranta ce. A rubuta yawan kwando, farashi, ranar biya, wanda ke da asarar hanya, da dattijon da kuka yarda ya raba ku. Shaidu biyu su sa hannu. Kada kunya ta hana ka, ai aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Da fatan ka gamsu. A gaida mutanen Kura da Bunkure, Allah ya ba da kasuwa.