Iskar da Hanci Ba Ya Sansanawa: Gargaɗi ga Masu Shiga Rijiya

Daga cikin abubuwan da jama'a suka gafala da su, alhali kuwa sun sha zama sababin halakar bayin Allah, akwai iskar kabon-dayoksaid, wadda muke fitarwa a kowane numfashi, kuma adadinta a sararin duniya bai wuce kimanin kashi 0.04 cikin ɗari ba.

Masana sun tabbatar cewa ɓera yana da waɗansu ƙwayoyi na musamman a hancinsa da yake gane ta da su, sauro ma da ita yake bin sawun mai barci. Amma ɗan Adam, duk da fifikon hankali da aka yi masa, ba a ba jijiyar shaƙarsa wannan baiwa ba. Abin da yake da shi ita ce jijiya ta biyar daga jijiyoyin kai, wadda likitoci ke kira tirijeminal saboda rassanta uku, mai isar da raɗaɗin barkono da albasa. Idan iskar ta yawaita, sai ta narke a danshin hanci ta zama tsami, jijiyar ta sanar da ƙwaƙwalwa. Shi ne yajin da ake ji yayin gyatsar lemon kwalba. Sai dai wannan jijiya ba ta motsawa sai iskar ta kai matuƙa, alhali kashi 10 cikin ɗari ya isa ya sumar da ƙato cikin 'yan mintuna. Gindin ƙwaƙwalwa kuwa, da yake auna tsamin jini, shi ke haddasa haki, sau da yawa tare da ciwon kai da jiri, waɗanda su ne alamomin da ya wajaba a kiyaye.

Da yake kabon-dayoksaid ta fi iska nauyi, ƙasa take kwanciya. A ranar 21 ga Agusta, 1986, ta ɓarke daga Tafkin Nyos na Kamaru ta gangara ƙauyuka da dare, ta halaka mutum fiye da 1,700 da dubban dabbobi.

Saboda haka, mai yasar rijiya ko tsohon rami ya fara zura fitila. In ta mutu, kada ya kuskura ya shiga sai an kaɗa iska a ciki. Ko ba ta mutu ba, ya ɗaura igiya a ƙugu, a tsayar da mutane a baki. In kuwa wani ya sume a ƙasa, kada tausayi ya sa ɗan'uwansa ya faɗa ba shiri, domin ta haka ake fitar da gawa biyu daga rijiya ɗaya. Allah Ya kiyashe mu.