Me ya sa ƙananan kwalejojin Amurka masu tsohon tarihi ke rufewa?

A ranar 31 ga watan Mayun 2024, Kwalejin Birmingham-Southern da ke jihar Alabama ta ƙasar Amurka ta rufe ƙofofinta, bayan shekaru 168 tana koyarwa. Hukumar makarantar ta nemi rancen dala miliyan 30 daga gwamnatin jihar, amma haƙarta ba ta cimma ruwa ba. A shekarar ce kuma Kwalejin Wells ta jihar New York, wadda aka kafa a 1868, ta sanar da rufewa ana saura makonni kaɗan zangon karatu ya ƙare. Kafin su, Green Mountain ta jihar Vermont ta rufe a 2019, ita kuwa Mills ta jihar California sai Jami'ar Northeastern ta haɗiye ta a 2022.

Dukkan waɗannan makarantu jinsi ɗaya ne, wato ƙananan kwalejojin gamammen ilimi, waɗanda aka fi sanin Amurka da su.

Wace irin makaranta ce?

Galibin irin wannan kwaleji ba ta gwamnati ba ce, kuma ɗalibanta ba su cika wuce 2,500 ba. Digirin farko na shekaru huɗu shi ne babban aikinta. Yawancin ɗalibai suna kwana a harabar makarantar, azuzuwa ƙanana ne, kuma farfesoshi da kansu suke koyarwa.

Abin da ya bambanta ta da sauran manyan makarantu shi ne tsarin karatu. Ɗalibi ba ya tsunduma cikin fanni guda tun ranar farko. Yakan ɗanɗani tarihi da adabi da falsafa da lissafi da kimiyya da harsuna, sannan ya zaɓi fannin da zai ƙware a kai, sau da yawa a ƙarshen shekara ta biyu. Tsarin ya samo asali ne daga fannoni bakwai da makarantun Turai na zamanin da suka ɗauka a matsayin ginshiƙin ilimi: nahawu da manɗiƙi da balaga da lissafi da handasa da kiɗa da ilimin taurari.

Sanannun mutane da dama sun ratsa ta waɗannan makarantu. Marigayi Kofi Annan, ɗan Ghana da ya zama Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, ya kammala Kwalejin Macalester ta jihar Minnesota a 1961. Barack Obama ya yi shekaru biyu a Kwalejin Occidental kafin ya koma Jami'ar Columbia. Marubuci Chinua Achebe kuma ya koyar a Kwalejin Bard daga 1990 zuwa 2009.

Raguwar haihuwa

Matsala ta farko ita ce ƙarancin ɗalibai. A 2007 an haifi jarirai kimanin miliyan 4.3 a Amurka. Da tattalin arziki ya karye a 2008 sai haihuwa ta ja baya, har ta sauko zuwa kimanin miliyan 3.6 a 2023. Tun a 2018 masanin tattalin arziki Nathan Grawe na Kwalejin Carleton ya ja hankali cewa giɓin zai iso ƙofar manyan makarantu bayan shekaru 18. Hukumar WICHE, mai bin diddigin harkar ilimi, ta yi hasashen cewa yawan masu kammala sakandare zai kai ƙololuwa a 2025, sannan ya ragu da kashi 13 cikin 100 zuwa 2041. Yankin arewa maso gabas da na tsakiyar ƙasar, inda waɗannan kwalejoji suka fi yawa, suna cikin wuraren da raguwar za ta yi tsanani.

Lissafin da ba ya fita

Matsala ta biyu kuɗi ne. A wasu fitattun kwalejoji, kuɗin karatu da masauki da abinci ya haura dala 80,000 a shekara. Sai dai ɗalibai ƙalilan ne ke biyan wannan farashi. Domin jawo ɗalibai, makarantu na yin rangwame da sunan tallafin karatu, kuma alƙaluman ƙungiyar jami'an kuɗi na jami'o'in ƙasar sun nuna cewa rangwamen da ake yi wa sababbin ɗalibai a makarantu masu zaman kansu ya zarce rabin kuɗin karatu.

A nan ne masu ƙarfi ke rabuwa da raunana. Williams da Amherst, kowacce tana da asusun gidauniya na sama da dala biliyan 3, wanda ribarsa ke cike giɓin rangwamen. Kwalejin da asusunta bai taka kara ya karya ba kuwa, da kuɗin ɗalibai take biyan albashi da gyaran gine-gine. Idan ta yi tsammanin sababbin ɗalibai 300 sai 250 suka zo, kasafinta ya wargaje, domin ɗakin karatu da ɗakunan gwaji ba sa rage cin kuɗi don ɗalibai sun ragu. Kowace ƙaramar girgiza kan iya kayar da irin wannan makaranta. Kwalejin Lincoln ta jihar Illinois ta rufe a 2022 bayan shekaru 157, sakamakon annobar korona da harin masu kutse a kwamfuta da ya tsayar da aikin ɗaukar ɗalibai.

Shakkun iyaye

Matsala ta uku ita ce sauyin ra'ayin jama'a. Bashin karatu da gwamnatin tarayya ke bin Amurkawa ya haura dala tiriliyan 1.6, don haka iyaye ke son digirin da zai kai ɗansu ga aiki kai tsaye, kamar aikin jinya ko kasuwanci ko kimiyyar kwamfuta. Ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup ta nuna cewa masu cikakkiyar amincewa da ilimi mai zurfi sun ragu daga kashi 57 cikin 100 a 2015 zuwa kashi 36 a 2023.

Masu kare tsarin suna kafa hujja da binciken Jami'ar Georgetown na 2020, wanda ya gano cewa a shekaru goma na farko ribar karatu a waɗannan kwalejoji ba ta kai ta sauran makarantu ba, amma bayan shekaru 40 takan zarce matsakaicin ribar da kimanin kashi 25 cikin 100. Sai dai iyalin da ke da bashi a wuya ba kowane lokaci yake iya jiran shekaru 40 ba.

Hanyoyin tsira

Wasu kwalejoji sun tsira ta hanyar sauya kama. A 1990 masani David Breneman ya ƙidaya kwalejoji 212 da suka cika sharuɗɗan wannan tsari. Da wasu masana suka sake ƙidayar a 2012, guda 130 suka rage, kuma da yawa daga cikin sauran suna nan da ransu, sai dai sun karkata ga koyar da sana'o'i.

Wasu kuma haɗa ƙarfi suke yi. Kwalejojin Claremont na California suna amfani da ɗakin karatu guda, kuma ɗalibin ɗaya na iya ɗaukar darasi a ɗayar. Akwai kuma waɗanda tsofaffin ɗalibai suka ceto. A watan Maris na 2015 hukumar Sweet Briar, kwalejin mata a jihar Virginia, ta sanar da rufewa. Tsofaffin ɗalibanta suka garzaya kotu, suka tara dala miliyan 12, aka naɗa sabon shugabanci, daga baya aka rage kuɗin karatu da kusan kashi ɗaya bisa uku.

Yayin da tsarin ke fuskantar matsi a gida, ya samu masu koyi da shi a Afirka. Patrick Awuah, tsohon ɗalibin Kwalejin Swarthmore, ya kafa Jami'ar Ashesi a Ghana a 2002, haka kuma Jami'ar Amurka ta Najeriya da ke Yola ta ɗauki irin wannan salo.

Alamu na nuna cewa manyan kwalejoji masu ɗimbin dukiya za su ci gaba da samun masu neman gurbi fiye da buƙata, na tsakiya za su yi ta sauye-sauye, raunana kuwa za su ci gaba da haɗewa ko rufewa. Ɗalibai ne ke ɗaukar nauyin rufewar: wani bincike na 2022 kan manyan makarantun da suka rufe a Amurka ya gano cewa ƙasa da rabin ɗalibansu ne suka koma karatu a wani wuri. Ga iyalan Najeriya, ƙasar da ta fi kowace a Afirka tura ɗalibai Amurka, hakan na nufin girman tallafin karatu kaɗai bai isa a yanke shawara ba, sai an duba ƙarfin asusun makarantar da yadda yawan ɗalibanta ke tafiya a 'yan shekarun baya.