Yadda ake yin teburi da katakon gida

A garin Diffa da ƙauyukan bakin Komadugu, katakon kasuwa daga nesa yake zuwa, shi ya sa yake da tsada. Amma idan iska ta kayar da iccen bedi a gidanku, kada ku yi gaggawar faskara shi. Gungumen zai iya zama teburi, ko benci, ko kantar shago. Bedi, wanda ake kira dogon yaro, asalinsa daga ƙasar Indiya ne. Katakonsa yana da ƙarfi, kuma gara ba ta cin sa da sauƙi.

Ku fara neman izini

Dokar gandun daji ta Nijar, ta ranar 8 ga Yuni 2004, ta tsara yadda ake saran itatuwa. Wasu itatuwa, kamar gawo, doka tana kare su. Kafin ku sa gatari, ku je wurin ma'aikatan gandun daji. Wanda ya sara ba izini yana iya biyan tara. Idan kun sare ɗaya, ku dasa wani, domin hamada tana kusa da mu.

Tsagawa

Ku sa mai zarto ya tsaga gungumen a tsawonsa, kowane katako mai kaurin santimita 5. Kada a miƙe gefen, a bar shi yadda Allah ya halicce shi. Haka teburin zai fi faɗi, kuma ba a yi asarar icce ba. Amma ku ɓare ɓawon, domin a ƙarƙashinsa ƙwari suke ɓuya.

Busarwa

Ɗanyen katako cike yake da ruwa. Idan ya bushe da sauri, sai ya tsage ko ya lanƙwashe. Zafin rana da iskar hunturu su ne suke jawo haka. Saboda haka:

1. Ku shafa fenti ko kakin zuma a bakin katakon biyu.
2. Ku jera katakan a inuwa, bisa bulo, inda ambaliyar kogi ba ta kaiwa.
3. Ku sa ƙananan sanduna tsakaninsu don iska ta ratsa.
4. Ku ɗora abu mai nauyi a sama.

Busarwa tana ɗaukar watanni da yawa. Ku riƙa auna katako ɗaya a sikeli kowane wata. Ranar da nauyinsa ya daina raguwa, ya bushe.

Haɗawa

Kafinta ya fere saman katakon, ya goge shi har ya yi sumul. Katako yana kumbura da damina, yana tsukewa da rani. Don haka a ɗan faɗaɗa ramin kusoshi, domin ya samu wurin motsi. Idan za a riƙa ɗora abinci a kai, a shafa kakin zuma. Kada a shafa baƙin man mota, domin yana da guba.

Wanda ya yi haƙurin busarwa zai mori teburinsa shekaru masu yawa.