Shamuwa, Abokiyar Manomi

Manoman Yauri da na sauran ƙasar Matameye sun san shamuwa. Ita ce tsuntsuwar nan baƙa mai farin ciki da dogayen ƙafafu, wadda ke sauka cikin gari a watan Afrilu ko Mayu. Da an gan ta, sai kowa ya duba kalmarsa da irinsa, don damina ta kusa.

Daga ina take zuwa? Daga nesa ƙwarai. Idan damina ta wuce a nan, sai ta bi ruwan sama zuwa gabashi da kudancin Afirka, ƙasashe irin su Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe. Can take cin rani. Amma ba ta yin ƙwai a can. A ƙasarmu take yin sheƙa, a kan kuka ko tsamiya ko gawo, wani lokaci har a kan rufin ɗaki. Takan saka ƙwai biyu ko uku. Ashe ke nan 'yar gida ce, ci-rani kawai take zuwa.

Babban abincinta fara ne. Takan ci tsutsa da sauran ƙwari, amma fara ta fi so. Wanda ya ga abin da fara ta yi wa gero a 1985 da 1986 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Fara takan cinye shuka tun tana ƙarama, ta dawo kan zangarniya lokacin da ƙwaya ke da ruwa. To, a daidai wannan lokaci shamuwa ke ciyar da 'ya'yanta. Tun safe tana yawo cikin gonaki tana tsinta, ba a biya ta ko dala ba.

Abu uku ke cutar ta. Na farko, saran manyan itatuwa na cikin gari. Idan babu itace babu sheƙa. Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya hana saran gawo da hukunci mai tsanani, kuma a zamanin nan manoman Matameye da Magarya da Mirya sun yi suna wajen barin gawo ya tashi a gonakinsu. Sai a haɗa da tsofaffin itatuwan gari.

Na biyu, maganin feshi. Farar da magani ya kashe guba ce ga tsuntsun da ya ci ta, haka ma ga mutumin da ya soya ta. Kada a yi feshi sai da shawarar malamin gona, kada kuma a wanke kayan feshi a tabki.

Na uku, yara masu danƙo da masu hawa itace neman ƙwai. Wannan aikin iyaye ne da malamai. Nijar tana da dokar farauta da kare namun daji ta 29 ga Afrilu 1998. Wanda ya ga ana ɓarna, ya gaya wa mai gari ko ma'aikatan gandun daji na Matameye.