Shirin yau: Idan Linux ya ƙi ganin faifai a kan mainframe



Yau zan yi magana kan mainframe, manyan kwamfutocin nan na IBM da bankuna da kamfanonin jiragen sama ke dogaro da su. Tun 1999 Linux ya fara aiki a kansu.

To, ga inda sabon shiga ke rikicewa. An haɗa maka sabon faifan ajiya, irin wanda ake kira DASD, ka duba, babu shi. Kada ka ce ya lalace. A mainframe faifai ba ya bayyana da kansa kamar filas a laftof, sai ka kira shi da lambarsa.

Da farko duba ko lambar tana cikin jerin na'urorin da aka ce wa Linux ya yi watsi da su. Umarnin cio_ignore zai nuna maka, da shi kuma za ka cire ta. Sannan ka kunna faifan da chccwdev -e, ka tabbatar da lsdasd. Ka adana saitin da chzdev, in ba haka ba, da an sake kunna injin zai ɓace.

Abin da nake roƙonku: kada ku garzaya ga dasdfmt. Yana goge komai, wataƙila har da bayanan asusun mutane.

Ba sai kun mallaki injin ba kafin ku koya. Manhajar QEMU tana kwaikwayonsa a laftof, kuma Debian da Ubuntu suna da nau'in s390x kyauta. Ku sauke, ku gwada.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.