Ba Kullum Batir Ke da Laifi Ba

A hanyar Ƙauran Namoda zuwa Shinkafi ko Zurmi, inda 'yan bindiga suka addabi matafiya, motar da ta ƙi tashi dab da magariba ba ƙaramar fitina ba ce. Direbobinmu kuwa, da sun murɗa makulli sun ji shiru, sai su ɗora wa batir laifi, su sayi sabo, gobe cutar ta dawo.

Sau da yawa laifin waya ne. Zafin inji yana busar da robarta har ta tsage, gargadar hanya tana sassauta wadda ta haɗa batir da jikin mota, farar tsatsa kuma takan lulluɓe kawunan batir. Lafiyayyen batir yana nuna kusan bolt 12.6 a mita. Idan ya nuna hakan, fitilu ba su dushe ba, amma kik bai juya ba, a bi fiyus da wayoyi kafin a taɓa aljihu. Makaniken da ya ɗaure ƙonannen fiyus da zaren waya, gobara ya dasa.

Ina ma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura za ta koya wa masu garejinmu aiki da mita. Gyara a gareji ya fi turi a daji.